Berit Mai Bokiti da Kyandir Bakwai

Duk wanda ya tashi a garin Falun, can ƙasar ƙanƙara, ya san Berit Mai Bokiti. In bai san sunanta ba, to ya san hularta: wata ƙatuwar hular ulu mai ruwan toka, mummuna ta ƙarshe, ta rufe kunnuwa ta gangaro har wuya. Ko a watan Yuli, lokacin da kowa ya tuɓe yana shanya tumbi a bakin tafki, Berit na nan da hularta. Shekara talatin da ɗaya tana dafa abinci a makarantar firamare, ba yaron da ya taɓa ganin gashinta. Wasu suka ce sanƙo gare ta. Wasu suka ce kunnenta ɗaya. Ita kuwa ta zuba maka dankali da kifi, ta ce matsa, na baya ma mutum ne.

Bokitin kuma na ranar bikin Lusiya ne.

Tun ƙarshen Nuwamba ake kunna fitilun Kirsimeti a lambun tsohon gari. Da ma ƙarfe uku rana take tattara nata ya-nata, saboda haka kafin a tashi daga aiki wurin ya cika. Iyaye na jan yara a kan katakon zamiya bisa ƙanƙara, yaran sun zama kamar ƙunshin kaya saboda rigunan sanyi. Ga barewar waya da aka naɗe da ƙwan fitila, ga doguwar rumfar haske da ake ratsawa ana ɗaukar hoto, ga lilon dawakai, ga masu tsiran nama da biskit ɗin citta, ga tsofaffi riƙe da kofin giya mai ɗumi suna gulmar maƙwabta. Masu lambun sun ce ƙwan fitila dubu ɗari biyu ne. Ƙila ƙarya suke yi, wa ya ƙirga? Berit dai ba ruwanta da su. Wutar sanyi ce, ko jariri ya damƙa ba abin da zai same shi. Wuta bakwai kacal ke hana ta barci: kyandir bakwai ɗin nan da ake dasawa a kambi, a kunna, a ɗora a kan yarinyar da aka zaɓa ta zama Lusiya ranar sha uku ga Disamba, ta shigo gaba da farar riga da jar ɗamara, sauran 'yan mata na biye da ita suna waƙa.

Ita ma ta taɓa zama Lusiya. Mutane sun manta, waɗanda suka gani ma rabinsu suna maƙabarta. Tana 'yar shekara sha huɗu, gashi har gadon baya. Mahaifiyarta, don son 'yarta ta fi ta kowa kyau, ta zazzage mata rabin gwangwanin maganin fesa gashi, irin na da, wanda ke sa gashi ya ƙame. A cikin ɗan cocin katako na lambun, ana tsakiyar waƙa ta uku, kyandir ɗaya ya karkace. Berit ba ta cika tuna zafin ba. Ƙarar take tunawa, fuuu, kamar an kunna murhun gas. Da warin. Da yadda 'yan matan baya suka ci gaba da waƙa har baiti guda, don ba su gane me ke faruwa ba. Kafin wani mutum ya tuɓe kwat ya rufe ta, gefen kanta na hagu ya tafi, da rabin kunnen. Wata huɗu ta yi a asibiti. Ranar da aka sallame ta aka saka mata hula, shi ke nan.

Da ta kai ashirin da biyu, ba wanda ya aike ta, ta ɗauki bokitin ƙarfe ta je ta tsaya a ƙofar coci ranar Lusiya. Aka yi dariya, aka ƙyale ta. Shekara ta zagayo ta sake zuwa. Haka har shekara arba'in da shida.

Aikinta a jere yake, ba ta tsallake ko ɗaya. Ta kama kan yarinya ta sansana gashin kamar mai sayen kifi, in ta ji ƙamshin wani abu, ko 'yar magajin gari ce sai an koma famfo. Ta tura mata burodin Lusiya a baki ta tsaya sai ta haɗiye, don wadda ba ta ci ba ita ke sumewa. Ta jiƙa ɗan hankici ta shimfiɗa mata a tsakar ka, sannan kambi ya hau. Ta girgiza kyandir ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Kar ki ƙame gwiwa, ki riƙa wasa da yatsun ƙafa." Daga nan ta tsoma babban tawul a ruwa, ta matse, ta rataya a hannun hagu, bokiti a dama, ta bi bayan Lusiya taku uku. Duk hoton Lusiya na garin nan in ka duba da kyau za ka ga wata inuwa mai hula a gefe, ta ɓata hoton. Sau nawa ta yi amfani da tawul ɗin? Ko sau ɗaya. Mijinta Stig, kafin ya rasu, yakan ce, "Berit, in kin dawo da ruwan ki zuba wa fulawa, kar a yi asara."

Jikarta Tuva a wurinta take zaune tun da uwarta ta samu aiki a Norway. Shekararta sha biyar, ga baki, ga gashi ja har ƙugu. Wata ranar Litinin ta faɗo kicin ko takalmi ba ta cire ba.

"Kaka! Ni aka zaɓa!"

Berit na murza kwaɓin burodi. Hannunta ya tsaya cak.

"Aka zaɓa a me?"

"A shugabar ƙasa. Kaka, Lusiya mana! Na kayar da Wilma da ƙuri'a sha ɗaya, da kin ga fuskarta."

"Cire takalmin nan."

"Abin da za ki ce ke nan?"

"Akwai kambi mai batir," in ji Berit, ba ta ɗago ba. "Masu kyau ake yi yanzu, har rawa wutar take yi. Daga nesa ba mai ganewa."

"Mai batir? Irin na 'yan gidan raino? So kike in bar garin nan? Har in tsufa za a riƙa ce mini Lusiya mai batir."

"Gara a ce miki haka."

"Haba tsohuwa. Ke fa za ki bi bayana. Shekara nawa kina yawo da bokitin nan ba ki taɓa jiƙa kowa ba? In kina nan me zai same ni?"

Wallahi duk cikin maganar wannan ce ta fi tsorata ta. Tuva dai an gaya mata Kaka ta ƙone a kicin tana yarinya, iyakar abin da ta sani ke nan. Hannun Berit ya tashi da garin fulawa a jikinsa, ya kai bakin hular. Ja ɗaya kawai za ta yi, yarinyar nan da kanta za ta nemi mai batir. Ta riƙe bakin hular, ta riƙe, sai ta gyara mata zama ta koma kan burodi.

Bayan kwana biyu Pernilla, malamar waƙa, ta tare Berit a kanti ta ƙara mata wani tashin hankalin.

"Berit, bana ba a coci za a yi ba. Mutum tamanin yake ɗauka, bara iyaye har dambe suka kusa yi a ƙofa. An kafa dandamali a waje, a ƙarshen rumfar haske, kowa ya gani."

"A waje? Da iska?"

"Akwai rufi da bango uku. Ai ke ya kamata ki fi kowa murna, ba labule, ba bencin katako."

"Iska fa na ce miki, Pernilla."

"Berit, don Allah ki bari mu yi Kirsimeti ɗaya cikin kwanciyar hankali."

Daga ranar ba abin da ke kanta sai iska. Ta tashi ta leƙa tutar maƙwabta. Ta zauna gaban talabijin jiran mai hasashen yanayi kamar saurayinta ne. Sau huɗu tana zuwa dandamalin ta hau ta ƙyasta ashana ta ga inda wutar za ta karkata, har masu gadi suka daina gaishe ta. Ta shiga ɗakin Tuva ta kwashe duk wani gwangwani da kwalba, har turare, ta kulle a mota, suka kwana uku ba sa magana. Abinci ya daina shiga. In ta rufe ido sai ta ji fuuu ɗin nan, amma yanzu gashin ja ne.

Ranar ta zo ba iska ko ta magani. Hayaƙin gidaje miƙewa yake sama sambal. Berit ta tsaya a taga ta gode wa Allah da hawaye. To amma irin wannan ranar, sama tas, ba gajimare ba iska, ita ce mai mugun sanyi, kowane jaki a garin nan ya sani. Ma'aunin jikin tagar ya nuna sha tara ƙasa da sifiri. Ta gani da idonta. Abin da ya faɗo mata kawai shi ne Tuva ta saka wandon ulu biyu a ƙarƙashin farar riga.

Sai ta yi wata dabara, a ganinta ta hankali. Daga coci zuwa dandamali tafiya ce mai tsawo, ga santsi, ga shekara sittin da takwas. In ta zame da cikakken bokiti ta bangaji Tuva fa? Don haka tun ƙarfe ɗaya ta cika bokitin ta kai shi gefen dandamali ta ajiye, ya jira ta a can.

Uku da rabi 'yan mata suna cikin coci suna shiri, sai kaɗa haƙora da dariya. Berit ta kama kan Tuva ta sansana.

"Kaka, ke fa kika wanke shi da hannunki."

"Yi mini shiru."

Ta sansana ƙeya, ta sansana bayan kunne. Sabulu kawai. Ta miƙa mata burodi.

"Cikina a ƙulle yake."

"Buɗe shi."

Tuva ta gatsa sau biyu. Pernilla ta tafa hannu, "Lokaci, lokaci! Mutane na daskarewa a waje!" Aka fizge yarinyar zuwa gaban layi, rabin burodin ya rage a hannun Berit. Ba a taɓa rage mata burodi ba. Ta jefa shi a aljihu. Hankici, kambi. Ta girgiza kyandir bakwai, kowanne daram. Pernilla ta kunna su. Berit ta jiƙa tawul a famfon coci, ta matse, ta rataya a hannun hagu yadda ta saba, aka buɗe ƙofa.

Tafiyar Lusiya ai ba sauri, taku ɗaya sai an ja numfashi. Suka ratsa rumfar haske, mutane maƙil hagu da dama, yara a kan wuyan iyaye, kowa ya ɗaga waya. Berit ba ta ga ko mutum ɗaya ba. Ƙirga take yi, ɗaya, biyu, har bakwai, ta koma farko. Wutar a tsaye take ƙyam. Da suka hau dandamali sai aka kashe fitilun lambun gaba ɗaya, barewa, rumfa, lilo, komai. Duhu ya rufe mutum wajen dubu biyu. Ba abin da ya rage sai kan Tuva yana ci da wuta bakwai, da ɗan kyandir ɗin hannun kowace yarinya a bayanta. Jama'a suka ce "aaah". Berit ba ta ɗauke ido daga kan wutar ba.

Waƙa ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Berit na gefe, taku uku, idonta a kan ƙafar Tuva. Takalmin ba ya motsi. Ja'irar yarinya ta ƙame gwiwa don kar sanyi ya sa a ga tana rawar jiki.

Aka shiga ta uku. Tafin hannun Tuva da ta haɗe a ƙirji suka fara zamewa ƙasa a hankali. Leɓenta ya yi fari. Berit ta san wannan, ta ga 'yan mata goma sun yi haka, sai ka matsa ka tallafe su kafin su kai ƙasa. Ta kai hannun dama don ta zaro tawul ta shirya.

Tawul bai zaru ba.

Ta ja da ƙarfi, ya fita daga hannunta a lanƙwashe, da siffar hannun a jikinsa, ya daskare ƙau kamar kwanon rufi. Ta matse shi, ya ƙi. Ta danna shi a gwiwa, ya yi ƙaras, bai miƙe ba. Ta juya ga bokiti, ta tura hannu ciki, yatsunta suka daki ƙanƙara kamar dutse. Ta sa dunduniyar takalmi ta taka. Ko tsagewa bai yi ba. Awa uku a waje, a bokitin ƙarfe. Shekara arba'in da shida tana aikin nan a cikin coci mai ɗumi, ruwa bai taɓa zama komai ba sai ruwa. Mako biyu tana gadin iska.

Berit ta dubi Pernilla, ita kuwa ta lumshe ido tana kaɗa hannu, an tafi duniyar waƙa. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Tuva! Yatsu! Motsa yatsu!" Muryar 'yan mata ashirin ta danne ta. Ta yi taku ɗaya. Ta ga idon yarinyar ya juye sama.

Tuva ta tafi ta hagu, sulululu, kamar rigar da ta zame daga ƙusa. Berit ta tare kafaɗarta, amma kan ya riga ya langaɓe, kambin ya zamo ta gefen kunne. Biyar suka mutu a hanya. Biyu ba su mutu ba, suka nutse cikin jan gashin nan.

Warin ya riga komai isowa. Shi ne dai, bai canza ba ko kaɗan. Wuta ta kama ta gefen wuya tana hawa, kuma 'yan matan baya suna ta waƙarsu.

Ba ruwa, ba tawul, rigar sanyinta ta leda ce, in ta taɓa wuta narkewa za ta yi a fatar yarinyar. Abu ɗaya ne na ulu a jikinta. Ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Ta fizge hular ta kifa a kan wutar, ta danna da tafi biyu, ta murza, ta bi gashin tana matsewa har ƙasa, ta sake bi. Ta ji tafinta na cin wuta ta ƙi sakewa. Sai da hayaƙi ya daina fita ta tsakanin yatsunta sannan ta ɗaga ta duba, ta sake dannawa.

A lokacin wani mai gadi ya ruɗe ya kunna fitilun lambun duka a tashi ɗaya. Haske ya wanke dandamalin fes. Ga Berit a durƙushe gaban garin Falun kaf, kai a buɗe, gefe ɗaya furfura, gefe ɗaya fata mai sheƙi a tattare, da guntun kunne. Wani yaro daga kan wuyan ubansa ya ce da ƙarfi, "Baba, dubi kunnenta!" Aka toshe masa baki.

Tuva ta buɗe ido.

"Na faɗi ne?"

"Kin faɗi."

"A gaban Wilma?"

"A gaban kowa."

Sai idonta ya sauka a kan kakarta. Ta daɗe tana kallo. Ta kai hannu ta taɓa wuyanta, gashi ya biyo hannun, baƙi, yana marmashewa. Ta sake duban kan Berit.

"A kicin aka ce mini."

"Ƙarya aka yi miki. A cocin can ne, waƙa ta uku."

Tuva ta fara kuka, irin mai majina. Tana kukan tana kwance jar ɗamararta, ta naɗa wa kakarta a ka, ta rufe kunnen. "Wallahi Kaka," in ji ta, tana jan hanci, "ko kunnen nan ya fi hular nan kyau."

Masu motar asibiti suka ce ƙunar wuyan Tuva ba ta kai faɗin cokali ba, za ta warke ba tabo. Gashin kam sai da aka yanke shi iya kunne. Hannun Berit ne ya sha naɗi, mako biyar Tuva ke ba ta abinci a baki, tana ce mata, "Buɗe shi."

Da hannun ya warke ta saƙa wata hular, ruwan toka, ta fi ta farko muni. Ba mai yi mata dariya yanzu, har gaishe ta ake yi a kanti, abin da ya fi ba ta haushi. Lusiyar da ta biyo baya ma a waje aka yi, da kyandir na gaske, don mutanen garin nan ba sa jin magana. Berit ta zo da ruwan zafi mai gishiri a bokiti mai murfi, tawul a cikin leda a ɗaure a cikinta ƙarƙashin riga, da bargon ulu a kafaɗa. Ba abin da ya faru.

Amma barcin bai dawo ba. Da an kunna fitilun lambu a ƙarshen Nuwamba, sai ka gan ta da rana tsaka tana zagaya dandamalin ita kaɗai, ta taɓa wannan, ta leƙa ƙarƙashin wancan. Pernilla ta taɓa tambayarta me kuma take nema, ai ta tanadi komai.

"Iska na sani," in ji Berit. "Ƙanƙara ma yanzu na sani. Wanda ban sani ba nake nema."